Magana ɗaya ya faɗa, wata huɗu ina aski

Anti, barka da aiki. Shekarata 29, aurena bai cika shekara ba. Allah ya yi ni gargasa tun ina yarinya, hannuwana da ƙwaurina duk gashi ne a kwance. Haka mahaifiyata take, haka yayata. Ban taɓa ɗaukarsa abin damuwa ba. Na hammata da na mara ina cirewa kamar yadda addini ya koya mana, sauran kuwa ban taɓa sa masa reza ba.

Wata huɗu da suka wuce muna zaune da maigidana, na miƙe ƙafa, sai ya shafa ƙwaurina yana dariya ya ce, "Kai, ke kam har kin fi ni gashi." Ni ma na yi dariya, amma daren nan ban runtsa ba. Washegari na sayi reza. Tun daga ranar duk bayan kwana biyu nake askewa. Yanzu ƙafafuna sun cika da ƙuraje masu ƙaiƙayi, in sun warke su bar baƙin tabo, har na fi jin kunyarsu a kan gashin. Shi kuma bai ce komai ba, ban ma san ko ya lura ba.

Yayata ta ce na cuci kaina, tunda na fara askewa zai riƙa fitowa da kauri kuma ba zan iya dainawa ba. A wurin aiki kuma wata ta ce duk macen da ba ta cire gashin jikinta ƙazama ce. Ga kuma wasu gashi masu kauri a haɓata, da biyu ne, yanzu sun haura goma, ina tsigewa a ɓoye. Al'adata ma bana ta rikice. Anti, ni ƙazama ce da can? In ci gaba da askin ko in bari?

Ƙanwarki da ta rasa tudun dafawa

*

Ƙanwata,

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi tsayawa shi ne wurin da kika ce ba ki san ko ya lura ba. Wata huɗu kina karce fatarki da reza saboda jimla guda, mai jimlar kuwa har yau ba ki tambaye shi abin da yake nufi ba. Za mu dawo kansa. Bari in fara sauke miki kayan da suka fi sauƙin saukewa.

Ba ƙazama ba ce ke, ba da can ba, ba yanzu ba. Abokiyar aikinki ta cusa abubuwa biyu ne a buhu ɗaya. Hammata da mara suna da wani irin maɓuɓɓugar gumi na daban wanda ba ya fara aiki sai an balaga. Gumin da ke fita daga can yana da ɗan kauri da maiƙo. Lokacin da yake fitowa ba shi da wari, sai ƙwayoyin halittar da ke zaune a kan fata sun ci daga cikinsa sannan warin ya tashi, gashi kuma yana riƙe laima ya ba su wurin zama. Shi ya sa rage gashin waɗannan wurare yake taimakawa da gaske. Ƙwauri da dantse kuwa gumin da suke fitarwa kusan ruwa ne da ɗan gishiri, irin wanda ke zubo miki a goshi. Gashin ƙwaurinki bai fi gashin girarki datti ba, ruwa da sabulu sun wadatar da su duka biyun. Ban taɓa jin an kira mace ƙazama don tana da gira ba.

Tunda kin ambaci addini, abin da kike yi tun farko shi ne abin da aka nema daga gare ki. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa abubuwa biyar na fiɗira: kaciya, aske gashin mara, tsige na hammata, yanke farce, da rage gashin baki. A ruwayar Anas ɗan Malik an iyakance kada a bar su fiye da dare arba'in. Babu ƙwauri a lissafin, babu hannu. Malamai da yawa suna sa gashin waɗannan wurare a cikin abin da aka yi shiru a kansa, wanda ya ga dama ya cire, wanda ya ga dama ya bari. Ki lura kuma da cewa hukuncin hammata da mara bai ware mace ba, ya hau kan maigidanki kamar yadda ya hau kanki.

Ga wani abu da za ki iya gaya wa mai kiran mutane ƙazamai idan ta sake ɗauko zancen. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 kan kare rauni daga kamuwa da cuta bayan tiyata, ta ce kada a aske majinyaci da reza kafin a shiga da shi. In ya zama dole a cire gashin, a yi amfani da kilifa, wato injin aski. Dalili shi ne reza tana barin ƙananan yanka waɗanda ido ba ya gani, ta nan ƙwayoyin cuta ke samun ƙofa. Ɗakin tiyata fa, inda babu wurin da ya kai shi tsananin tsafta.

Yayarki kuma, Allah ya saka mata da tausayinta, amma ta faɗi abin da ba haka yake ba. Wannan zancen ya daɗe yana yawo a duniya, har wata masaniyar ilimin sassan jiki a Amurka mai suna Mildred Trotter ta gwada shi a 1928, ta auna, ta ga aski bai sauya kaurin gashi ko saurin tsirowarsa ba. A 1970 aka sake gwadawa da maza biyar, kowannensu ya yi watanni yana aske ƙafa ɗaya ya bar ɗayar, aka kwatanta, babu bambanci. Saiwar gashi tana can ƙarƙashin fata inda reza ba ta kaiwa, abin da ya fito waje kuwa matacce ne, ba shi da hanyar aika wa saiwa saƙo. Abin da ke ruɗar mutane shi ne gashin da ba a taɓa yankawa ba yana sirancewa a ƙarshensa kamar tsinin allura, ya kwanta lufluf. Reza tana datse shi ta inda ya fi kauri, sai ya fito da kai mai kauri. Ki shafa washegari ki ji kaushi kamar tsintsiyar da aka yanke wa baki, ki rantse ya ƙaru. Da aski yana ƙara gashi, ai da masu sanƙo sun daɗe da hutawa.

Don haka kina iya dainawa yau ɗin nan. Zai yi kaushi na 'yan makonni, sannan kowane sili ya gama wa'adinsa ya faɗi, sabo mai laushi ya maye gurbinsa. Gashin jiki 'yan watanni kawai yake yi yana tsawo sannan ya tsaya, ba kamar na kai ba da ke yin shekaru. Ƙafarki za ta koma yadda kika san ta.

Kuma dainawar nake so ki yi, aƙalla na wata guda, ko da daga baya za ki zaɓi cirewa. Ƙurajen nan naki yawancinsu gashi ne da ya juya ya soki fata. Reza tana barin sili da kaifi a baki, idan gashin mai lanƙwasa ne sai ya karkata ya koma ciki, ko ya kasa fitowa tun farko. Jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura, wani lokaci har da ruwa. Ki duba ɗaya da kyau a cikin haske, sau da yawa za ki hango ɗan baƙin zare a naɗe ƙarƙashin fatar. Fata mai duhu kuma tana da ɗabi'ar zuba ƙarin launi a duk inda aka yi kumburi, shi ne baƙin tabon. Ke kuma duk bayan kwana biyu kina bi ta kan ƙurjin da bai warke ba da sabuwar yanka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ki ajiye rezar. Ki riƙa ɗora tsumma mai tsafta da kika jiƙa da ruwan ɗumi a wurin na 'yan mintuna, ki shafa mai marar turare, ki cire farcenki da allura daga maganar. Idan wani ƙurjin ya yi girma, yana zafi, ko ja yana bazuwa a gefensa, wannan na likita ne. Tabon zai dusashe da kansa, amma da watanni ake lissafinsa, sai kin yi haƙuri. Na roƙe ki kada ki bari wata ta ba ki man bilicin don ki goge shi. Da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi a ciki, yana sirantar da fata, kuma ɗaya daga cikin illolinsa shi ne ƙara fitar da gashi a inda ake shafa shi.

Yanzu gashin haɓa. Wannan ne kaɗai a wasiƙarki da ba zan ce miki zaɓinki ba ne, domin jiki magayi. Sili biyu ko uku a haɓar mace ba komai ba ne, yana bin dangi, yana kuma ƙaruwa da shekaru. Amma daga biyu zuwa fiye da goma a ɗan lokaci, ga al'ada ta rikice, wannan haɗin yana sa likita ya yi tunanin matsalar da ake kira PCOS, wadda ke da nasaba da ma'ajiyar ƙwan mace da yawaitar androjin a jiki, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin maza. Kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma ita ce ta fi kowane dalili haddasa gashi mai kauri a fuska, ƙirji da cikin mace. Ban ce ita ke damunki ba, daga nan ba zan iya sani ba. Na ce ki je a duba. Kafin ki tafi ki rubuta ranakun al'adarki na watannin da kike iya tunawa, ki kuma lura ko kin ƙara ƙiba, ko ƙurajen fuska sun dawo, ko gashin tsakiyar kanki yana raguwa. Ki bar gashin haɓar ya fito na 'yan kwanaki don likitan ya gani da idonsa, kada kunya ta sa ki tsige shaidar da safen ranar. Akwai magunguna, amma sukan ɗauki kamar wata shida kafin a ga bambanci, kuma wasunsu ba a shan su idan ana neman ciki ko ana ɗauke da shi, saboda haka ki faɗa wa likita tun farko inda kika dosa a maganar haihuwa. Idan kuma kika ji muryarki tana yin kauri ko gashin yana bazuwa da sauri cikin 'yan watanni, kada ki jira komai.

Bayan wata guda, ƙafa ta huce, sai ki zauna ki tambayi kanki abin da ke kike so. Akwai matan da ke jin daɗin santsin fata a jikin zanin gado, suna cirewa don kansu, babu wanda ya sa su. Akwai waɗanda gashin bai taɓa tsone musu ido ba, irinki kafin ranar nan. Duka biyun mata ne cikakku.

Cire gashi tsohon abu ne, an tono askake na tagulla a kaburburan Misira ta dā. Abin da yake sabo shi ne a sa mace ta ji kamar ta aikata laifi idan ba ta cire ba, kuma wannan yana da tarihi da ranar haihuwa. A 1915 kamfanin Gillette ya fitar da rezarsa ta farko da aka ƙera domin mata, daidai lokacin da riguna marasa hannu suka fara tashe a Amurka, tallace-tallacen mujallu suka dinga nuna gashin mace a matsayin abin kunya da ya kamata a ɓoye. Ƙafa ta biyo baya da siket ya fara gajarta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka karkatar da nailan zuwa ɗinka lemar saukar sojoji daga jirgi, doguwar safa ta yi wuya, mata suka riƙa fita ƙafa a buɗe, aski ya zama ruwan dare. Daga nan fina-finai da talla suka yaɗa wannan ido a duniya, yanzu kuma ga hotunan waya da ake gogewa har ramukan gashin su ɓace. Jikin mutum yana da ramukan gashi kusan miliyan biyar, mace da namiji kusan daidai. Macen da kike gani a hoto sumul kamar kwalba, ita ma nata suna nan. Maza ma ba su tsira ba, ana tallata musu cire gashin ƙirji da na baya, 'yan ninkaya da 'yan tseren keke kuma sun daɗe suna aske ƙafafunsu ba wanda ya ce sun zama mata. Idan namiji zai aske ƙafa ya ci gaba da zama namiji, ban ga yadda barin gashi zai rage miki zama mace ba.

Idan kin zaɓi ragewa, ga fata irin taki kilifa ce ta fi aminci, domin tana barin ɗan guntu a sama wanda ba zai iya komawa ciki ba. In reza kike so dole, ki yi a ƙarshen wanka lokacin da gashin ya jiƙu, da kumfa mai yawa, ki bi inda gashin ya kwanta, kada ki ja fatar, kada ki maimaita wuri ɗaya sau uku. Ki sauya ta bayan aski biyar zuwa bakwai, kada ki bar ta a jiƙe a banɗaki tana tsatsa, kuma ko da maigida ne kowa ya riƙe tasa, ciwon hanta yana bin jinin da ke maƙale a reza. Halawa da kaki suna tumɓuke gashi daga saiwa, kina samun hutun mako uku zuwa huɗu, amma akwai zafi, kuma su ma suna iya kawo gashin da ke juyawa ciki.

Man cire gashi irin su Veet da Nair narkar da silin yake yi, shi ya sa yake da wannan warin. Abin da zai iya narkar da gashi kuwa ba zai ji tausayin fata ba. Ni shaida ce. Na taɓa shafawa a hannu, waya ta shigo, hira ta yi daɗi, na manta da agogo. Da raɗaɗi ya tuna min na goge, gashin ya tafi, saman fatar ma ya bi shi, na yi mako biyu ina saka riga mai dogon hannu. Ki gwada a ɗan wuri kaɗan ki jira kwana ɗaya, ki kiyaye mintunan da aka rubuta a jikin kwalin, kada ki kai shi kan ƙurji ko can cikin matuncinki.

Leza kuma, da lam ba da ra ba, haske ne da ke bin baƙin launin gashi ya ƙona saiwarsa. Matsalar ita ce fata mai duhu ita ma tana da wannan launin, na'urar da ba ta dace ba sai ta ƙone ta. Wadda aka fi amincewa da ita ga baƙar fata ita ce mai suna Nd:YAG. Ki tambayi sunan na'urar kafin ki kwanta, in mai wurin ya fara kame-kame ki ɗauki jakarki. Ana buƙatar zuwa kamar sau shida zuwa takwas, kuma rage gashi take yi sosai, ba ta yi alkawarin kawar da shi har abada ba.

To, mu koma kan maigida.

Magana zarar bunu ce, ya zara, ta fito, mai yiwuwa kafin ya kwanta ya manta. Ki lura da yadda abin ya faru: hannunsa yana kan ƙafarki yana shafawa, yana dariya. Mutum ba ya shafa abin da yake ƙyama. Ban wanke shi ba, raha a kan jikin mace wasa ne da wuta, musamman amaryar da ba ta gama sakin jiki ba, ya kamata ya san haka. Amma ke ma kin yi dariya kin rufe, kin bar shi da tunanin wasan ya karɓu. Wata huɗu kina hukunta kanki a kan ƙarar da ba a taɓa shigarwa ba.

Ki zaɓi lokacin da kuke cikin natsuwa, ba a shimfiɗa ba, ba kuma lokacin da ranki yake a ɓace da wani abu dabam ba. Ki nuna masa ƙafar yadda take, da ƙurajen da tabon. Ki ce, "Ka tuna ranar da ka ce na fi ka gashi? Na yi dariya, amma maganar ta zauna min. Tun daga ranar nake askewa, ga abin da ya jawo min. Ina so in ji gaskiyarka, yana damunka ne?" Sai ki yi shiru ki bar shi ya amsa, kada ki taya shi.

Zatona mafi ƙarfi shi ne zai buɗe baki yana tambayar yaushe ya faɗa. Akwai maza da dama da wannan kwantaccen gashin yake burge su, ba mamaki naki yana cikinsu, yabo ne ya zo masa a karkace. Idan kuma ya ce eh, ya fi son santsi, wannan ra'ayi ne, yana da damar faɗa, kuma yi wa juna ado a aure abu ne mai kyau. Sai ku nemi hanyar da ba za ta raunata ki ba, kilifa ko halawa sau ɗaya a wata, ki kuma samu bakin faɗa masa abin da ke ma kike so ya gyara a jikinsa, domin ba ke kaɗai aka ɗora wa adon ba. Amma in ya ga tabon nan ya sake yin dariya, ko ya mayar da abin sunan tsokana a gaban mutane, to matsalar ta bar ƙwauri, ta koma yadda yake kallon darajarki, kuma babu man da ke goge wannan. Idan haka ta faru ki sake rubuto min.

Maganar haɓa ma ki faɗa masa a zaman nan, ki daina tsigewa a ɓoye kamar mai sata. Ki ce masa kina son ganin likita a cikin makon nan, ya raka ki.

Antinki